Jiragen kaya a SimSig sun cika bin lokaci, yaya ake sa su yi kama da na gaske?

Mai_Sigina:

Assalamu alaikum. Tambayata ga waɗanda suka saba haɗa jadawali da hannunsu a SimSig ce, ko wata manhaja irinta.

Ga wanda bai santa ba, ba tuƙin jirgi ake yi a cikinta ba. Kujerar mai sigina a Birtaniya ake ba ka: baƙin allo, layuka a zane, kowane jirgi lambarsa na matsawa daga wannan sashe zuwa wancan, kai ke buɗe hanya kai ke rufewa. Direba in ya daɗe a jan sigina sai ya bugo maka waya. Ni yankin Westbury nake yi, a kudu maso yammacin Ingila, kuma jiragen dutse ne suka ja ni can. Akwai manyan wuraren fasa dutse, wato kwari, guda biyu a tsaunukan Mendip da ke Somerset, Merehead da Whatley, daga nan ake lodin tsakuwa zuwa Landan da kewayenta. Na Merehead ta layi ɗaya tilo yake fitowa ya hau babban layi a mahaɗar East Somerset Junction, na Whatley kuma ta Frome yake shigowa. Daga nan su cuɗanya da jiragen fasinja na tashar Paddington ta Landan zuwa Plymouth da Penzance, da na Cardiff zuwa Portsmouth, da na Bristol zuwa Weymouth.

Na zauna na shigar da jadawalin ranar aiki guda, fasinja da kaya. Na fasinja ba ni da ƙorafi a kansu. Na kayan ne suka dame ni. Wanda na rubuta zai fito daga kwari ƙarfe bakwai da minti goma, to bakwai da goman zai leƙo, yau da gobe da jibi. Ba mai fashi, ba mai sammako. Kowanne ya faɗa gurbinsa tsaf tsakanin jiragen fasinja, ni kuwa aikina ya koma danne-danne kawai. Da na ƙara yawan makara a saitin manhajar sai kowa ya makara, har ɗan jirgin Weymouth, abin ya zama hargitsi amma bai zama gaske ba.

Shin a zahiri duk jirgin kayan da ke cikin jadawali yana tashi? Kuma in ya zo ba kan lokacinsa ba, da me mai sigina yake yanke hukuncin ya sake shi ko ya ratse da shi gefe?

Ɗan_Birmingham:

Wa alaikumus salam. Malam, amsar tambayarka ta farko a'a ce, kuma nan ne tushen matsalar. Abin da ke rubuce a jadawalin aiki na Network Rail, mai kula da layukan dogo na Birtaniya, gurbi ne da kamfanin dako ya kama, wato an ba shi izinin bi ta wuri kaza a minti kaza. Ko zai yi amfani da shi ranar, wannan tsakaninsa da mai kaya ne. In wurin sauke tsakuwa a Landan ya cika, ko aikin gini ya ja baya, jirgin ba zai tashi ba, gurbin ya wuce fanko. Wasu ma a fili ake sa musu harafin Q, ma'ana sai an buƙata. Ka kuma lura da haruffan ranaku: SX kullum ban da Asabar, MO Litinin kaɗai, da sauransu. Mutane da yawa in suna kwafar jadawali sai su zuba na Litinin da na Laraba da na Juma'a duka a rana ɗaya, ka ga layi ya cika maƙil fiye da yadda ya taɓa cika. A 2017 an sanar cewa kamfanonin dako sun saki gurabe sama da 4,000 a mako waɗanda ba a amfani da su, bayan dakon kwal ya durƙushe. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka tazarar da ke tsakanin takarda da abin da ke kan dogo.

Abin da nake yi ni: in buɗe Realtime Trains, shafin intanet mai nuna tafiyar jiragen gaske, in zaɓi Westbury, in sa ya nuna na kaya, in riƙa duba shi kwana bayan kwana. Zai nuna maka wanda ya tashi da wanda bai tashi ba, da mintin da kowanne ya wuce. Ba a daɗewa za ka gane akwai waɗanda kusan ba sa fashi, akwai na jefi-jefi, akwai kuma waɗanda sunansu kawai ke nan. Sai ka koma editan jadawali, akwai inda ake sa wa jirgi zaɓi, manhajar ta jefa ƙuri'a lokacin da ka fara wasa. Na kullum ka ba shi kaso mai yawa, na jefi-jefi rabi, sauran kaɗan. Kai kanka ba za ka san wanda zai zo ba sai ka gan shi.

Amma kada ka jefa wa kowane jirgi ƙuri'arsa daban. Taragan da suka tafi Acton, a yammacin Landan, da dutse su ne za su dawo fanko. In mai lodi bai tafi ba, wa zai dawo? Ka ɗaure su a zaɓi ɗaya, sannan ka sa doka cewa fankon ba zai shigo ba sai an yi awa kaza da fitar mai lodin. Da haka makarar safe za ta biyo ka har la'asar, kamar yadda take yi a zahiri.

Sai lambar jirgi. Adadin farko aji ne: 4 mai gudun mil 75 a awa, galibi kwantena, 6 mil 60, 7 mil 45, 0 kuma kan jirgi ne shi kaɗai. Manyan jiragen Merehead irin su 7A09, da ake haɗa kayan wurare da yawa a ja su tare sai a Landan a rarraba, suna haura tan 4,000. Ka duba nau'in da ka ba su a manhajar. In ka bar musu nauyi da saurin tashi na jirgi matsakaici, za su riƙa zabura daga sigina kamar ba su ɗauki komai ba.

Baba_Reluwe:

Ɗana ne ya nuna mini wannan zance, ya ce in sa baki. Ban taɓa wannan wasa naku na kwamfuta ba, amma aikin na yi shi da hannuna a ƙananan tashoshi tsakanin Zariya da Kano, kan tsohon layi mai faɗin ƙafa uku da inci shida.

Mu layinmu ɗaya ne, mai zuwa da mai dawowa duk shi suke bi. Tsakanin tasha da tasha jirgi ɗaya ke shiga, kuma direba ba ya motsawa sai da sanda a hannunsa. Na'ura biyu ce, ɗaya wurinmu ɗaya a tashar gaba, waya ta haɗa su. In na zare sanda a nan, ta can ta kulle, ba mai iya zare wata sai wannan ta isa an mayar. Saboda haka jirage biyu ba sa haɗuwa sai a tasha, ɗaya ya ratse layin gefe ɗaya ya wuce. Wanda ke cewa a ina za a haɗu yana ofishin kwanturol a Zariya, da takarda mai faɗi gabansa da fensir. Tashoshi a jere a gefe ɗaya, awoyi a ɗaya gefen, kowane jirgi ya ja masa layi. Na fasinja layinsa a tsaye-tsaye, na kaya a kwance-kwance. Inda layi biyu suka gitta, tilas ya zama akwai tasha a wurin, in babu sai a goge a sake.

Ɗana Mai Sigina, ka tambayi da me ake yanke hukunci. Kafin a duba agogo ana duba tsawo. Layin gefen kowace tasha an san tarago nawa yake ci. Jirgin da ya fi shi tsawo ba a ratsewa da shi, ko da shi ne ƙarami a daraja, domin wutsiyarsa za ta rage kan babban layi. Sai dai na fasinjan ya shiga gefe ya jira, fasinja na ta surutu, na kaya ya wuce abinsa.

Bayan tsawo sai nauyi da hawa. Ka taɓa ganin tifa cike da yashi ta tsaya a tsakiyar hawa? Kafin ta sake ɗaukar gudu an sha jira. To jirgi ya fi haka, ƙarfe ne kan ƙarfe, in da damina ne ko raɓa ta sauka sai ƙafa ta riƙa juyawa a wuri ɗaya, direba na zuba yashi. Mu abin da aka koya mana, jirgi mai nauyi in yana tafiya a bar shi ya tafi. In kuwa tsayawar ta zama tilas, a tsayar da shi a shimfiɗaɗɗen wuri tun da nisa, kada a bari sai ya zo gindin tudu.

Kuma kaya ba ɗaya ba ne. Siminti da taki sa iya kwana a layin gefe ba abin da zai same su. Jirgin shanu kuwa rai ne a ciki, ga rana ga ƙishirwa, ba a wasa da shi.

Mai_Sigina:

Baba, Allah ya ƙara girma, ya saka da alheri. Zancen takarda da fensir ɗin nan ya sa na ɗauko biro na yi lissafi. A ce tsakanin inda jirgin dutse ya hau babban layi da inda zan iya kawar da shi mil 20 ne. A mil 45 a awa zai ci kusan minti 27. Na Paddington mai gudun mil 100 minti 12 zai ci. Ke nan sai na dutsen ya riga shi shiga da minti 15, kafin ma a ƙara tazarar sigina, kafin a ƙara lokacin da zai ɓata yana ɗaukar gudu daga tsaye. A ce minti 20 da ɗoriya. Wato in ya makara da 'yan mintuna kacal gurbinsa ya rufe, kuma jiran na gaba zai iya kai shi rabin awa ko fiye. Ga shi layin kwarin ɗaya ne, muddin yana tsaye a bakin mahaɗa, fankon da ke son shiga ba shi da hanya.

Malam Ɗan Birmingham, na ga wasu alƙaluma cikin baka a jadawalin aiki, irin (3) da [2]. Ni tsallake su na yi wajen shigarwa. Suna da tasiri?

Ummu_Hanan:

Sannunku. Ni zan ɗan saɓa muku. Na ga jadawalai da yawa da masu su suka ji an ce jirgin kaya ba ya bin lokaci, sai suka watsa masa makara ta ko'ina, wannan awa biyu, wancan awa uku, ba dalili. Wannan ma ba gaske ba ne. A Birtaniya jirgin kaya yana da jadawali na minti-minti kamar na fasinja, sai dai ma'aunin da ake auna isarsa da shi minti 15 ne. In kuna son inda babu jadawali na haƙiƙa, Amurka za ku je. A can yawancin jiragen kaya sai an gama haɗa su suke tashi, mai kula da layi shi ke tsara inda za su haɗu, ga jirage masu tsawon kilomita 3 da suka fi layin gefe da yawa tsawo, ga dokar da ta hana ma'aikatan jirgi wuce awa 12 a bakin aiki. Awa 12 na cika jirgi zai tsaya ko a tsakiyar daji ne, sai an kawo wasu da mota. Wanda ya buga wasannin kwamfuta irin su Run 8 ko Train Dispatcher ya san wannan ciwon kan. Abin da Baba ya kwatanta ya fi kusa da wancan fiye da Westbury. Kada a ɗauko ɗabi'ar Amurka a ɗora wa Somerset.

Makara tana da mafari. Lodi bai ƙare ba, an samu tarago mai matsalar birki sai an cire shi, direban da zai karɓa yana cikin wani jirgin da ya makara. Duk waɗannan a wurin tashi ko wurin canjin direba suke faruwa. Saboda haka a bakin shigowa za ka sa rashin tabbas, da kuma wurin tsayawa a Westbury. Da zarar ya hau hanya, nauyinsa da siginarka ne kaɗai ya kamata su ƙara masa ko su rage masa.

Kuma ba wanda ya yi maganar sammako sosai, alhali a ganina ya fi makara wahala. Jirgin fasinja ba ya barin tasha kafin lokacinsa. Na kaya kuwa in an gama lodi, direba na nan, sai a bugo maka a ce a shirye yake, saura minti 40 lokacinsa. Ka karɓa ko ka ƙi?

Ɗan_Birmingham:

Hajiya ta taɓo wurin. Bari in fara da bakan Malam, don amsar a haɗe take. Mai kusurwa, [2], minti biyu ne da aka ƙara saboda aikin gyaran layi da zai iya sa a rage gudu. Mai lanƙwasa, (3), minti uku ne da aka ƙara don kawai jirgin ya ja ƙafa wani ya riga shi wucewa a mahaɗa. Jiragen kaya cike suke da irin na biyun. Ranar da babu gyara, ko wanda za a jira ɗin bai zo ba, direba ba zai rage gudu don takarda ta ce ba. Sigina kore, tafiya zai yi. Daga nan sammakon tsakiyar hanya yake fitowa. Jirgi ya tashi daidai lokaci, ya iso wurinka da minti goma a gaba, ya faɗo gurbin da ba nasa ba. Ka shigar da lokutan yadda suke da ƙarin a ciki, ka bar jirgin ya yi gudunsa, sammakon zai fito da kansa.

Game da wayar da Hajiya ta ce, ni dokata ɗaya ce: ba na karɓar jirgi sai na san inda zan ajiye shi. In na sake shi daga kwari da minti 40 a gaba, zai iso Westbury direban canji bai zo ba, sai ya zauna. In a layin kaya ya zauna da sauƙi. In kuwa layin kayan da wani a ciki, ya tsaya a sigina wutsiyarsa ta rufe mahaɗar Fairwood Junction da ke gab da Westbury, to na Penzance ma ya tsaya. Mai siginar da ke gabanka shi ma ba lallai ya so shi da wuri ba, don hanyar Landan ta Newbury layi biyu ce kawai, ga hawan Savernake, wuraren ratsewa kuma ƙalilan ne. Sau da yawa barinsa a kwarin ya fi, a can ba ya tare wa kowa hanya sai fankon da ke jiran shiga.

Wani abu game da fankon. A Birtaniya hagu ake bi, kuma reshen Merehead yana ɓangaren layin da ya nufi Landan. Mai lodi in ya fito, layinsa kawai yake hawa. Fanko mai dawowa kuwa sai ya tsallaka layin Landan ɗin kafin ya shiga reshe. Jirgi mai tsawon mita 600 a gudun mil 15 a awa, minti ɗaya da rabi yake ci kafin jikinsa kawai ya wuce wuri guda, ban da buɗe hanya tun yana nesa da sakinta bayan ya shige. Duk wannan lokacin layi biyun a rufe suke. In ka sa tsawon ƙarya a manhajar, wannan wahalar gaba ɗaya ta ɓace.

Ka kuma tsayar da shekara. Injinan jan jirgi ƙirar Class 59 da aka ƙera a Amurka musamman don wannan dutsen a 1986 suka fara aiki, kafin nan ba a jan irin wannan nauyin da inji ɗaya. Jadawalin kowane zamani da nasa nauyin da nasa jiragen, kada ka cakuɗa.

Mai_Sigina:

Na gyara na gwada daren jiya. Na ɗaure masu lodi da fankonsu, na sa nauyi da tsawo na gaske, na mayar da saitin makara ƙasa, rashin tabbas ɗin na bar shi a bakin shigowa kamar yadda Hajiya ta ce.

Da hantsi aka bugo daga Whatley, jirgi a shirye, minti 25 kafin lokacinsa. Na Merehead na Q ranar bai tashi ba, gurbinsa na nan fanko, sai na karɓa na zura shi ciki. Ya isa Westbury lafiya, ya shiga layin kaya yana jiran direba. Can sai ga wani daga Merehead ɗin wanda ya makara, kuma wurin da na saba ajiye shi ke nan na ba wa na Whatley. Na riƙe shi a reshe, fanko ya iso ba hanyar shiga, shi ma na nemo masa wurin tsayawa tun daga baya. Na Paddington biyu suka wuce ba wanda ya ga jan sigina, amma ɗan jirgin Weymouth ya ci minti bakwai a bayan fankon. Har yanzu ina juya abin, ko da na ƙi wayar farko da ya fi.

Baba, ina so in zana takardar nan taku ta Zariya zuwa Kano, kusan kilomita 140, in ga jirgi nawa layi ɗaya zai iya ɗauka a yini. Ta ina ake farawa?

Baba_Reluwe:

Ɗana, ka fara da sashen da ya fi kowanne cin lokaci tsakanin tasha biyu, ba wanda ya fi tsawo a taswira ba, wanda jirgin kaya mai lodi ya fi daɗewa a cikinsa. Shi ke ƙayyade layin gaba ɗaya. In yana cin minti 35, ka ƙara masa biyar na karɓar sanda da bugun waya da juya layi, ya zama 40. Raba awa 24 da 40, ka samu 36, zuwa da dawowa a haɗe. Wannan lissafin takarda ne, ba a taɓa cika shi. Ka cire lokacin masu gyaran layi, ka bar sarari saboda ranar da inji zai gaza.

Sannan ka ja na fasinja tukuna, da biro. Na kaya da fensir. Ka rubuta yawan taragon da layin gefe yake ci a gaban sunan kowace tasha, Challawa da Madobi da Dangora da sauransu, don kada ka haɗa dogaye biyu a inda ɗaya ma bai shiga ba. In ka gama ka ɗauki hotonta ka sa a nan, ɗana zai nuna mini.